Kowane Kai Shafi Biyu

A layin shagunan nan babu wanda bai san Farfesa ba, kuma babu wanda ya san jami'ar da ta ba shi sunan. Mai aski ne. Shekara ashirin da shida yana tsaye a bayan kawunan mutane da almakashi a hannu, yana warware musu matsalolin duniya kyauta: ciwon baya, faɗuwar gwamnatoci, dalilin da ya sa jirgin sama ba ya ribas. In ka ce masa ka taɓa ganin teku, shi ya taɓa iyo a cikinsa. In ka ce haƙori ke damunka, shi ya taɓa cire wa likita nasa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, kujerar magatakardan ƙungiyar 'yan layi. Kujera ce ta gaske, mai hannuwa, a hannun daman Shugaba, kuma mai ita ne ke riƙe mabuɗin ɗakin taro. Sau uku yana nema, sau uku ana ce masa magatakarda rubutu yake yi, ba surutu ba. Da tsohon magatakarda ya gaji ya koma wurin 'ya'yansa, sai kowa ya juya ya dubi Mai Fotokwafi, wani siririn mutum mara hayaniya da ke buga takardu a shago na bakwai.

Shugaba, wani dattijo mai sayar da katifu, ya ce nan da kwana goma layin zai cika shekara talatin, yana so a rubuta tarihinsa a karanta a taro. Ya tambayi Mai Fotokwafi ko zai iya.

"Zan iya shafi biyar, ranka ya daɗe."

Farfesa ya yi wata dariya ta hanci. "Shekara talatin a shafi biyar? Ko takardar cikin kwalin maganin tari ta fi haka. Ranka ya daɗe, ni hamsin zan kawo. Kuma ba zan taɓa biro ba."

"Da me za ka rubuta, da reza?" in ji Tela.

"Da baki, malam. Duniya ta ci gaba ta bar ku kuna lasar zare. Yanzu magana ake yi wa kwamfuta, ita ta rubuta."

Shugaba ya dube shi. "To. Ka kawo hamsin ranar taro, in jama'a sun ɗaga maka hannu, kujera taka ce. In ba haka ba, ka daina nema har abada, kunnuwanmu su huta."

Kwamfuta dai akwai ta a gida, wadda 'yarsa ta bari da ta samu aiki a wani gari. Matarsa ta lulluɓe ta da zane, ta ɗora kwandon allura a kai. Abin da babu shi ne makirufo da manhajar da za ta mai da magana rubutu. Washegari Farfesa ya rufe shago, ya sa rigarsa ta zuwa banki, ya nufi shagon kayan kwamfuta.

Mace ce mai shagon, da tabarau a goshi. Ta saurare shi har ya gama bayanin yadda aka ƙera kwamfuta ta farko, sannan ta shimfiɗa masa makirufo uku a kan kanta.

"Baba, wannan a kai ake sa ta, bakinta na kusa da naka. Wannan 'yar ƙarama a wuyan riga ake maƙala ta, muryar mai ita kawai take ɗauka. Wannan babbar ta tebur ce, ta masu waƙa."

"Farfesa ake ce mini."

"To Farfesa, ƙaramar za ta yi maka."

Ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar ya tsinci kaska. "Wannan maɓallin rigar? Kin san muryar da za ta shiga ciki kuwa? Fashewa za ta yi. Ta kai kuma ba zan sa ba, ni ba matuƙin jirgi ba ne, ko da yake an taɓa roƙona. Miƙo babbar."

Babbar ta kai girman kwalbar ruwa, ga ƙafa uku, ga wani faifan raga a gabanta. Sai maganar manhaja. Ta ce akwai ta kyauta, amma sai da intanet, kuma komai ka faɗa yana fita waje kafin ya dawo. Akwai wadda ake sa wa kwamfuta ta zauna, tana koyon muryar mutum, ba ta bukatar intanet.

"Tarihinmu ba zai je yawo ba. Wadda take zama. Tana da hankali dai ko?"

"Tana da basira sosai."

"Wato ta san abin rubutawa da abin bari."

"Ban ce haka ba, Farfesa. Duk abin da ka faɗa…"

"Na gane. Na riga ki ganewa."

Ta ce ya nemi ɗaki mara ƙara. Wannan kaɗai ya ji. Kafin la'asar ya aro katifu huɗu a shagon Shugaba, ya jingina biyu a tagogin falo, ɗaya a ƙofar kicin, ɗaya a ƙofar fita. Ya kashe fanka. Ya cire batirin agogon bango. Ya ɗaure wa famfon da ke ɗiga tsumma. Matarsa ta turo katifa ta leƙo.

"Maigida, mutuwa aka yi ko haihuwa?"

"Tarihi ake yi. Ki riƙa tafiya a hankali."

"A cikin gidana?"

"Kuma in za ki soya abu, ki sanar da ni tukuna."

Ta dube shi, ta dubi makirufo, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta saki katifa.

Ya zauna. Ya gyara raga. Ya danna inda aka ce ya danna, wani jan ɗigo ya kunnu a allon yana jira. Farfesa ya buɗe baki.

Babu komai a ciki.

Mutumin da ya taɓa riƙe mai karɓar kuɗin wuta awa biyu har ya manta abin da ya kawo shi, ga shi a gaban ƙarfe mai ƙafa uku, harshe ya kwanta kamar silifas. Ya yi gyaran murya. Ya miƙe tsaye. Ya zauna. Ya sha ruwa. Gumi ya jiƙa rigar banki. Da yunwa ta fito da shi, abin da ke allon kalma ɗaya ce: "To."

Kwana na biyu ya ce laifin kujera ne, ya canza kujera. Aka samu "To dai." Kwana na uku ya ce makirufon ce ke kallonsa, ya sa mata hula. Ba a samu komai ba. A layi kuwa duk wanda ya tambaya sai ya ce an wuce shafi ashirin, kwamfutar ce ma ke roƙonsa ya rage gudu.

A rana ta huɗu ƙanin matarsa ya zo gaishe su. Direban babbar mota ne, ya yi wata guda a hanya, gashi ya cika masa kai, wani mugun hannu kuma ya yanke masa ƙeya a karkace. Ya matso ta gefen katifa ya zauna yana haki.

"Yaya, wannan ɗakin ko tanderu? Me kuke gasawa?"

Idon Farfesa ya sauka a kansa. Ƙeyar yake kallo. Ya kau da kai, idon ya koma. Ya kasa jurewa.

"Wane maƙiyinka ne ya yi maka wannan? Zauna nan."

Ya yafa masa tawul, ya zaro almakashi da mataji daga aljihu. Almakashi ya ce ƙyas, sai bakin Farfesa ya ɓalle kamar an cire toshiyar kwata. Ya fara da ƙeya, ya wuce kan masu askin zamani, ya faɗa kan yadda layin nan yake fili da ciyawa lokacin da aka kafa shagon farko. Matarsa ce ta shigo da ruwa ta tsaya.

"Maigida, abin naka na rubutu."

Ya juya. Baƙaƙe sun cika rabin allo. Ya saki kan surukinsa ya ruga gaban makirufo, ya buɗe baki. Shiru. Ya koma ya dafa kai. Magana. Ya saki. Shiru. Sau huɗu ya gwada, direba na zaune da rabin aski yana bin sa da ido.

"Dama na sani," in ji Farfesa. "Kimiyya ce. Jijiyar bakina da ta hannuna waya ɗaya ce."

Sai dai babbar makirufo ba ta san aski ba. Mai aski zagaya kai yake yi, ita kuwa tana tebur. In ya juya mata baya, sai ta bar shi ta ɗauko kukan tattabarun maƙwabta. Ya ɗaura ta a sandar mofa ya ba matarsa ta riƙa bin bakinsa, ta bi shi zagaye biyu, a na uku ta ƙwala wa ƙaninta a kunne. Ya ɗaure ta a ƙirjinsa da tawul, ƙafafunta uku suka riƙa tsokalar wuyan direba. Da ya kunna kilifa, injin aski, kuwa, manhajar ta tsaya cak, ta ƙi rubuta ko wasali.

Da safe ya koma shagon mai tabarau.

"Ba na ce miki ƙaramar nake so ba?"

Ta sauke tabarau daga goshi ta sa a ido, ta kalle shi sosai, ta miƙa masa maɓallin riga.

Ƙaramar ta yi aiki. Muryarsa kaɗai take ji, ba ta jin almakashi, ba ta jin wanda ake yi wa aski. Ya ajiye kilifa don ta cika sauri, ya koma almakashi da reza. Ya gwada a kan ragowar gashin direba, ya gano ma'auni: kai ɗaya, in an bi shi a hankali daga saisaye har zuwa ƙwal, shafi biyu ne. Yana bukatar kai ashirin da biyar. Saura kwana biyar.

Ya liƙa takarda a ƙofar shago: aski kyauta a gidan Farfesa, ga duk wanda ke son sunansa a tarihi.

Tela ne ya fara zuwa. Ya shiga ta gefen katifa yana cewa a rage masa gefe kawai, ya fito bayan awa guda kansa na ƙyalli kamar sabon kwano, fuskarsa ta fi kan ƙyalli.

"Me ya ce?" in ji Mai Kemis, da ke jira a kan benci.

"Ba zan faɗa ba. Za ku ji ranar taro. Amma dai mutumin nan ya san gaskiya."

Mai Kemis ya shiga, ya fito da irin wannan kan da irin wannan fuskar. Mai Faci ya shiga. Mai gyaran agogo ya shiga. Kowa ya fito sai ya dubi na kan benci da wani irin tausayi, ya wuce yana shafa kai. Kafin kwana biyu, duk wanda ya biyo ta layin da tsakar rana sai ya kare ido da hannu. Wata mata ta zo karɓar ɗinki ta gai da Mai Faci da sunan Tela, don ta baya ba a bambance su.

Farfesa bai karanta ko layi ɗaya ba. Lambar shafi kawai yake dubawa a ƙasan allo, ya ga ta hau, ya ce wa na gaba bismillah. Matarsa, wadda ke jin komai ta bayan katifar kicin, ta tare shi yana wanke reza.

"Maigida, ka kuwa san abin da kake faɗa?"

"Tarihi."

"Ka ɗan zauna ka karanta."

"Ke in kin dafa abinci, sai kin cinye tukunya kafin ki san ya yi? Na'urar tana da basira. Ta san abin rubutawa."

"Ita ma ta san Tela?"

"Ki koma kicin, ana jira na."

A shafi na talatin da takwas kawuna suka ƙare. Ya aika a kira na farko su dawo, suka dawo, amma babu abin yanka. Ya shafa wa Tela kumfa ya bi da reza, ya samu layi uku, Tela ya ce fatarsa ta fara yaji. Ya tare mai kawo wasiƙa a ƙofar gida, shafi biyu. Ya tare mai gyaran famfo da ya zo duba ɗigon, shafi biyu. Ya sayi kankana ya ɗora a kan kujera ya yafa mata tawul, ya tsaya a bayanta minti ashirin, bakin ya ƙi.

"Ba ta da kunne," ya ce wa matarsa.

Ya gwada tsintsiya, ya gwada burushin fenti. Ya gwada gashin kantin matarsa a kan bokiti, ya samu rabin shafi kafin ta shigo. Abin da ya biyo baya makirufo ba ta ɗauka ba, don ba muryarsa ba ce. Maƙwabta sun ɗauka.

Ya ci sa'ar ɗan'uwan Mai Kemis da ya zo baƙunta, ya ci sa'ar wani da ya ɓata hanya ya tsaya tambaya. Shafi arba'in da shida. Ranar jajibirin taro ya je da kansa ya durƙusa wa Shugaba.

"Ranka ya daɗe, tarihi ba ya cika babu kanka."

"Gashi nawa ne a kan nawa? Ka ƙirga su da kanka."

Gaskiya ne, sanƙo ya cinye tsakiya, sai wani farin zobe ta gefe. Farfesa ya bi zoben nan sili-sili, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya tatso shafi biyu cif. Shugaba ya fito yana share ƙwalla, ya ce bai san ana ganinsa haka ba.

Arba'in da takwas. Farfesa ya raka shi ƙofa, ya tsaya yana duba titi hagu da dama. Babu gashi ko'ina. Sai idonsa ya sauka a kan ragon Mai Faci, da ke ɗaure a jikin tsohuwar taya, da ulu har ƙasa, da kunnuwa biyu masu kyau.

Ba a san yadda ya shigar da shi ta gefen katifa ba. An dai ji matarsa na cewa in ya yi kashi a kafet, su biyun za su kwana a waje. Bayan awa guda rago ya fito tsirara yana rawar sanyi, lamba ta nuna hamsin.

Firinta ɗaya ce a layin, ta Mai Fotokwafi. Farfesa ya kai masa aikin yana fito. Takardu suka fara fitowa, Mai Fotokwafi na jera su, idonsa ya faɗa kan ɗaya, ya tsaya. Ya ɗauki wata. Ya cire hularsa ya mayar.

"Farfesa, ka karanta wannan?"

"Ni na faɗe shi, me zan karanta?"

"Don Allah ka je gida ka duba. In kana so ma in taya ka gyarawa, ba wanda zai ji."

"Ka taya ni? Kai mai shafi biyar? Hassada ba ta yi maka kyau, ga ka siriri. Buga guda talatin, ka sa bango mai kauri."

Ranar taro ɗakin ya cika har taga. Kowa ya zo da iyalinsa, don kowa ya faɗa wa matarsa a asirce cewa yau za a ji waye waye. Tela ya zo da surukansa. Mai Kemis ya ɗauko mai hoto. Da aka cire huluna saboda zafi, sai da aka kashe ƙwai ɗaya na lantarki. Kujera mai hannuwa na nan babu kowa a kai, Farfesa na tsaye kusa da ita yana share mata ƙura da hannun riga.

Shugaba ya ɗaga littafin, ya ƙirga, hamsin. Aka yi tafi. Ya ce marubuci ba ya karanta kansa, Mai Fotokwafi ya karanta.

"Ranka ya daɗe, a yafe mini."

"Karanta, malam. Ka sha kaye, ka sha da mutunci."

Mai Fotokwafi ya tsallake shafin direba, ya fara da murya kamar mai karanta sakamakon asibiti.

"Sunkuya kaɗan. Ai Tela, in ana maganar layin nan, kai ne layin. Lokacin da ka kafa kekenka a nan, ko kare ba ya biyowa. Kai ka kafa shi, sauran duk cin arziki suka zo."

Tela ya miƙe ya ɗaga wa surukansa hannu. Sauran kawunan suka dubi juna, kowa na murmushin wanda ya san nasa na tafe.

Aka juya shafi.

"Zauna, likita. Ka ga wannan da ya fita? Wandon da ya ɗinka mini, ƙafa ɗaya ta je kasuwa ɗaya na gida. Yadi biyar za ka ba shi, ya dawo maka da uku, 'ya'yansa su fito da riga irin taka. Juyo. Ai kai ne layin nan. Kai ka kafa shi."

Hannun Tela na sama har yanzu. Ya sauke shi a hankali. Surukarsa ta dubi rigar jikanta.

Mai Kemis bai gama gyara zama don hoto ba aka juya shafi.

"Wai likita. Wa ya ba shi likita? Ciwon kai, ciwon ciki, karaya, duk ƙwaya ɗaya yake bayarwa, launin leda kawai yake canzawa. Ɗago haɓa. Kai kuwa Mai Faci, ba don kai ba…"

"Kai ka kafa shi," in ji wata murya daga baya, aka fara dariya.

Daga nan abin ya zama kamar layin allura. Kowa ya san nasa na zuwa, ya san kuma abin da ke bin bayansa. Mai Faci, an ce da dare yake shuka ƙusa da safe ya girbe. Mai gyaran agogo, an ce agogon da ya gyara sau biyu yake faɗin gaskiya a rana. Wanda aka yaba ba ya iya murna, wanda aka zaga yana jiran na gaba don ya huce. Mai kawo wasiƙa ya kafa layin. Mutumin da ya ɓata hanya ma ya kafa layin. Matan sun daina ɓoye dariya, ɗaya ta zame daga benci.

Shugaba ya buga tebur. "A wuce wannan shirmen. A karanta na ƙarshe."

Aka karanta nasa. An ce shi uba ne, inuwa ne, katifarsa har gadon sarauta ta isa. Ya gyaɗa kai, ya ce to a rufe a nan.

"Saura shafi biyu, ranka ya daɗe."

"A karanta," in ji Tela. "Mu ma an karanta mana."

"Tsaya mana, kar ka motsa. Ka ga tsohon nan da ya fita? Katifarsa wata uku take zama tabarma. Shekara goma sha biyar yana shugabanci, abin da ya gina ƙusa ɗaya ce ta rataye hularsa. Bar cin tawul. Ai ni a layin nan kai kaɗai nake ganin girmanka. Ba ka gulma, ba ka cin amana. Kai ka kafa layin nan."

Shugaba ya cire tabarau.

"Wa ya zauna bayan na tashi?"

Sai Mai Faci ya miƙe a hankali, kamar wanda lissafi ya fito masa.

"Ranka ya daɗe, ina jin na san wanda ya sa ragona mura."

Sai da Shugaba ya yi ta bugun tebur da takalmi kafin a ji magana. Ya nuna Farfesa. "Kafin a ɗaga hannu, ka kare kanka. Muna ji."

Farfesa ya fito gaba. Yana da abin faɗa, da yawa ma. Na'ura ce ta ci amanarsa, mai tabarau ce ta sayar masa da mara hankali, maƙiya ne suka shiga kwamfuta. Duk suna nan a maƙogwaro. Ya buɗe baki, ido sittin a kansa, babu abin da ya fito. Hannunsa ya shiga aljihu ya zaro almakashi yana ƙyas-ƙyas a iska. Ya duba ɗakin, benci bayan benci, ko'ina santsi, aikin hannunsa.

"Kai yake nema," in ji matarsa daga sahun mata. "In ba a ba shi kai ba, nan za mu wuni."

Kai ɗaya ne mai gashi a cikin mazan layin, don shi kaɗai ba a gayyata gidan Farfesa ba. Mai Fotokwafi ya ajiye littafin, ya cire hula, ya duba inda zai zauna. Babu wuri sai kujera mai hannuwa.

"Zo ka kare kanka, Farfesa. Gefe kawai."

Farfesa ya tsaya a bayansa. Ya ja numfashi, ya shirya maganar na'ura da mai tabarau. Ya dafa kan da hannun hagu, almakashi ya ce ƙyas.

"Sunkuya kaɗan. Ai malam, ni tun ranar da ka zo layin nan na ce ga magatakarda. Dubi kai, kan rubutu ne wannan. Waɗannan kawunan ƙwarya da ke zaune, wa ya iya riƙe biro a cikinsu? Ni kaina surutu ne kawai. In ba a ba ka kujerar nan ba, wallahi an ci amanar layi. Juyo."

"An kawo shawara," in ji Shugaba. "Masu goyon baya?"

Hannuwa suka tashi har na surukan Tela. Shugaba ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, ya zo kan Farfesa, wanda ya ɗaga almakashi sama yana auna tsayin gefe da gefe.

"Har da shi. Ba hamayya." Ya zaro mabuɗi ya miƙa.

Sabon magatakarda ya karɓa ta ƙarƙashin tawul, bai ɗago ba.

"Farfesa, ka tsaya a saisaye," ya ce. "Kuma in na tashi, don Allah kar kowa ya zauna."